Igiyar Damargu a Kwatano

Wani ne a Gangara, yaron kawunsa Idris mai tufkar igiya. Kun dai san rijiyoyinmu na Damargu. Ka jefa dutse, ka je ka sha fura ka dawo, sannan ka ji ya taɓa ruwa. To irin igiyar nan da sai raƙumi ke janta, ita Kawu Idris yake tufkawa. Shi kuwa gogan naku, aikinsa jiƙa kaba da riƙe bakin igiya, shi ma sai an daka masa tsawa.

Rannan yana zaman banza a tasha, ya ji wani direban kamyo, babbar motar kaya, yana ba da labarin Kwatano. Wai ruwa gaba, ruwa baya, ruwa har ya ishi mutane. Sai dabara ta faɗo wa mutumin naku. Ya zo ya tsaya a kan kawunsa, hannu a ƙugu.

"Kawu, na gama zama yaron wani. Ƙasar waje za ni, in kafa sana'ata."

"Wace sana'a gare ka?"

"Igiya da guga mana. Nan da ba ruwa ma ana saye, balle inda ruwa ya yi yawa?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Je ka. Amma in ka dawo hannu biyu, jiƙon kabarka na nan yana jiranka."

"Ni? Wallahi in na sake jiƙa kaba, a canza mini suna."

Ya kwashi igiyoyi nadi-nadi, kowace ta isa ta ɗaure kasuwar Tanout ta yi saura, ya haɗa da guguna, ya hau mota.

A kan iyaka ɗan duwan, mai binciken kaya, ya leƙa buhunan, ya ce, "Kai yaron wa ne?"

"Ni maigida ne."

"Maigidan wa?"

"Na kaina."

"To ina yaranka?"

"Ni ne dai, kafin a ɗauki wasu."

Ɗan duwan ya ce ya wuce, shi da maigidan nasa duka.

Ya sauka a zango, gidan wata Hajiya Binta mai tuwo-tuwo. Ko hutawa bai yi ba ya ce a nuna masa rijiya. Aka nuna masa ita a tsakar gida. Ya warware igiya, ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a hannu, ya saki guga. Kafin ya ce bisimilla ya ji fanjam. Ya leƙa, sai ga fuskarsa tana kallonsa, kusa-kusa.

"Hajiya, wannan rijiya ce ko randa?"

"Rijiya ce, ɗan nan. Da damina ma da kwano muke ɗiba."

"To ba za ki sayi igiya ba?"

"Yanko mini kamu biyu, in yi shanya."

Ransa ya ɓaci. Ya ce igiyarsa ba ta yankuwa, mai so ya ɗauka duka. Hajiya ta ce to ya bari sai ta tashi yi wa unguwar nan kaf shanya.

Mutanen zango suka ji tausayinsa. Wannan ya ce ga gadin shago, wancan ya ce ga dako a bakin jirgin ruwa. Ya ce Allah ya kiyaye, bai ƙetare ƙasa don wani ya aike shi ba. Sai ya ɗora nadin igiya a ka ya shiga gari talla. Aka ce ya sa gammo, ya ce gammo na 'yan dako ne. Kullum tun safe har la'asar yana yawo, igiyar kaba tana gurzar ƙoƙon kansa, zufa tana jiƙawa, yana ta "Ga igiya, ga guga," mutane suna matsa masa hanya sun ɗauka mahaukaci ne.

Yana cikin yawon nan wata rana ya ɓulla bakin teku. Ya tsaya baki buɗe. Can ya hango ƙarti sun yi layi, sun kama wata igiya mai kauri, suna ja suna waƙa, bakinta ya nutse can cikin ruwa. Farin ciki ya kama shi.

"Alhamdu lillahi. Yau ga masu hankali."

Ya sauke kaya, ya kama igiya, ya shiga ja tare da su, don ya ga irin gugan da ake wa wannan wahala. Aka ja, aka ja, har rana ta karkata. Da abin ya fito, sai ya ga ƙatuwar raga, ruwa yana tsiyaya ta ko'ina, kifi yana tsalle a ciki. Ya riƙe baki. Ya nemi babbansu, wani tsoho mai ɗan jin Hausar kasuwa.

"Baba, an cuce ku. Gugan nan naku duk huji ne. Dubi, ko ɗigo bai kawo ba, sai ƙazanta."

Ya sunkuya ya fara kwasar kifin yana mayarwa cikin teku, wai yana share musu guga kafin ya nuna musu nasa. Ban san da wane yare suka zage shi ba, amma gudun da ya yi ko barewa sai haka. Igiya da guguna duk a can ya bar su.

Hajiya Binta ce ta roƙi wani direba ya ɗora shi a kan buhunan shinkafa ya mai da shi gida. Wajen wanka ya shafa kansa ya ji sumul, igiya ta gurje sumar tas. Ya samu wata hula ya danna har kunne.

Ya iso Gangara ya tarar da Kawu Idris a gindin bishiya yana tufka, matarsa Inna Halimatu tana tankaɗe a gefe, maƙwabta sun taru. Ga ƙwarya cike da jiƙon kaba an ajiye tana jiransa. Gogan ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Kawu ya ce, "Maigida, an dawo? Ina kayan?"

"Suna can bakin teku, na bar su a hannun mutane."

"Wa ka yi wa aiki a can?"

"Aiki? Ni? Kawu, tambayi duk wanda ka ga dama. Tun da na tafi har na dawo, gashin kaina nake ci."

Zafi ya dame shi, ya manta, ya cire hular yana fifita da ita. Rana ta haska ƙoƙon kan nan yana ƙyalli kamar bayan ƙwarya. Inna Halimatu ta ajiye rariya, ta leƙo, ta duba gaba, ta duba ƙeya.

"Gaskiyarka, ɗan nan. Ka cinye shi tas, ko na ƙeya ba ka rage ba."