An Hana Malam Hodi Shiryawa da Surukinsa Sai Baƙi Sun Iso

Malam Hodi na Ambursa ya baro gida bayan asuba da niyyar ya sha mai a Birnin Kebbi ya koma kafin hantsi. Ba don yawo yake son man ba. Tunda masu hangen nesan da ke lura da lafiyarmu suka hana sayar da mai a jarka, manomi sai ya cika tankin mashin, ya koma gida ya zuƙe da baki, ya zuba wa injin ban-ruwa. Wanda ya haɗiye kaɗan kuma, an ce yana kashe tsutsar ciki.

Ya tarar da layi ya zagaye gidan man ya miƙe har bakin hanyar Badariya. Ya faka a ƙarshe, ya ɗaga kai, sai ga ƙeyar Abbas a gabansa.

Abbas mijin ƙanwarsa Riskuwa ne, kuma maƙwabcinsa a fadama. Tare suka sayi injin ban-ruwa, tare suke noman shinkafar rani, har bara da suka saɓa a kan wanda zai fara ba fangalinsa ruwa. Magana ta yi tsami, aka raba dukiya yadda masu fushi ke rabawa: Hodi ya ɗauke injin, Abbas ya naɗe tiyo. Tun daga nan Hodi ke aron wani tiyo mai yoyo da ke shayar da hanya fiye da gona, Abbas kuma yana bin masu inji yana roƙon haya. Ko a masallaci kowa da sahun da yake tsayawa.

Rana ta take, layi na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Hodi yana kallon gabas, Abbas yana kallon yamma. Azahar ta yi, ta wuce. Saura kaɗan a zo kansu sai ga jiniya, ayarin motocin wani babban bawan al'umma ya shigo ta ƙofar fita. Aka cika musu tanki har da na motar da ke ɗauke da kujerarsa. Suna fita mai gidan man ya rataye kan famfo ya ce ya ƙare, Allah ya kai mu gobe.

Abbas ne ya fara magana, ba tare da ya juyo ba.

"Allah shi isa."

"Amin," in ji Hodi, kafin ya tuna ba ya yi da shi.

Daga nan bakinsu ya buɗe. Suka tsine wa layi, suka tsine wa jiniya, suka sayi kwalba ɗaya wurin ɗan bumburutu suka zuba a mashin ɗin Hodi. Abbas ya hau nasa a kashe, Hodi ya tokare shi da ƙafa yana tura shi har Ambursa. Mutumin da ya turo ka da ƙafarsa tun daga birni, da wane ido za ka ci gaba da gaba da shi? Riskuwa ta gan su sun shigo tare, ta koma ɗaki ta share hawaye, ta fito ta dama fura. Aka tsayar da magana gobe a haɗa inji da tiyo.

Washegari kafin su fita, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan Hodi. Wani matashi mai ƙamshin turare ya sauko, ya ce sunansa Ikrima, shi ne sakataren Kwamitin Kashe Wutar Rikici da Daidaita Tsakanin Al'umma. Ya ce labarin rikicinsu ya kai gaban Mai Girma Garkuwan Sulhu, shugaban kwamitin, kuma cikin dukan rigingimun kwarin Rima nasu aka zaɓa.

"Ai mun shirya jiya," in ji Hodi.

Ikrima ya cire tabarau. "Kun shirya? Da izinin wa?"

"Da izinin Allah."

"Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa? An kama zaure a Argungu. An buga ƙyalle mai hotonku, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Baƙi za su taso daga ƙasar waje su ga yadda ake sulhu a nan. In suka zo suka tarar kuna shan fura a ƙwarya ɗaya, me za mu nuna musu?"

Hodi ya ce shi dai shinkafarsa na son ruwa. Ikrima ya yi murmushi ya ce ai nan ne daɗin yake: ranar taro kowannensu zai tafi gida da sabon inji, har da tiyonsa. Abin da ake buƙata kawai su riƙe gabar tasu na ɗan lokaci. Kada a gan su tare, kada a haɗa kayan aiki, don kwamiti na da masu kawo rahoto.

Sabon inji ba abin wasa ba ne. Hodi ya shiga gida ya gaya wa matarsa Mansura. Ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa jin inda anka aje hushi awa hatsi ba." Ya ce mata harkar manya ce, ba za ta gane ba. Abbas ma ya amince. Suka yi musabaha a zaure a ɓoye, suka fito kowa ya ɗaure fuska.

Ranar taro ta zo, aka ɗaga. Dalili kuwa, Mai Girma Garkuwan Sulhu da mataimakinsa, Mai Girma Katangar Zaman Lafiya, sun daina magana da juna a kan wanda zai tsaya a tsakiya ya haɗa hannayen manoman idan za a ɗauki hoto. Kwamiti ya rabu biyu, kowane ɓangare da sakatarensa da hatiminsa. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya sasanta su, shi ma ya tsaya a kan wanda zai buɗe zama da addu'a.

Aka sa wata rana, ita ma aka ɗaga. Wannan karon babbar baƙuwar ce ba ta samu tasowa ba. Ƙasarta da maƙwabciyarta sun yi cacar baki, kowace ta hana jirgin 'yar'uwarta ratsa samaniyarta. Ikrima ya bayyana wa Hodi wannan ta waya cikin natsuwa, ya ce manyan duniya na tattaunawa, a ƙara haƙuri.

"To, ranka shi daɗe," in ji Hodi, "ke nan sai sun shirya can sannan mu shirya nan?"

"Ka fahimta ke nan."

Ita shinkafa ba ta sauraron labaran duniya. Tiyon aro ya tsage gaba ɗaya. Fangalin Hodi na can gefen tudu ya fara ja, ƙasa ta dare. Na Abbas ma haka, yana hango shi daga inda yake tsaye. Inji na kwance a zauren wannan, tiyo na rataye a ɗakin wancan, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a sa takalmi ba.

Ana jibi taro Ikrima ya zo gwaji. Ya zaunar da su a ofishin makarantar da aka ara, ya ce baƙi ba sa son rikici mai sanyi. Kowa ya faɗi abin da ke ransa da ƙarfi, yadda tafinta zai samu abin juyawa.

Hodi ya ce, "Ya riƙe min tiyo."

"Wannan ba zai sa kowa kuka ba. Ka tono daga ƙasa. Kai fa, Malam Abbas?"

Abbas ya ɗan yi wasa da hularsa. Sai ya ce, "Tun randa anka ba ni Riskuwa, Yaya Hodi bai taɓa ɗaukata mutum ba. Shina gaya ma mutane a kasuwar albasa wai shi ka ciyar da gidana. A gaban ɗiyana ya taɓa hwaɗin haka."

"Madalla," in ji Ikrima. "Haka ake so."

Hodi bai ji alamar wasa a muryar ba. Ya ce, "To ƙarya ni yi? Shekarar da ruwa ya ci gonakka, wa ya kai buhu gidanka? Ko godiya ba ka yi ba."

"Ka bari in yi? Kahin buhun shi kai gida, duk Ambursa ta ji."

Ikrima yana ta gyaɗa kai, yana cewa su riƙe wannan, kada su manta ranar taro. Ba su manta ba. Suka fito kowa ya kama hanyarsa, wannan karon babu wanda ya ce su ɗaure fuska.

Taron Argungu ya yi kyau, a faɗi gaskiya. An yi rumfa, an yi lasifika, an raba ruwan roba ga waɗanda ke layin gaba. Matsalar tsayuwa a tsakiya an warware ta da hikima: aka yi sulhun sau biyu. Garkuwan Sulhu ya haɗa hannayensu aka ɗauki hoto, ya koma ya zauna, Katangar Zaman Lafiya ya taso ya raba su ya sake haɗawa. Hannun Abbas a cikin na Hodi kamar busasshen kara. Baƙuwa ta share ido da hankici, ta ce ta bakin tafinta ta zaga ƙasashe da yawa, ba ta taɓa ganin ƙiyayya ta gaskiya irin wannan ba, kuma ta yaba wa kwamiti da ya iya tunkarar ta. A nan kam ba ta yi kuskure ba, aikin kwamiti ne tun daga tushe.

Aka kawo injuna biyu sababbi fil, da jan ƙyalle a wuya. Hodi ya dafa nasa aka ɗauki hoto, Abbas ya dafa nasa aka ɗauka. Ana tashi wasu ƙarti suka mayar da su mota. Ikrima ya ce akwai wani sulhun a wani gari mako mai zuwa, can ma ana buƙatar abin dafawa, amma nasu na nan tafe da zarar shugabannin biyu sun daidaita a kan wanda zai miƙa.

Hodi ya dawo gida da hula mai tambarin kwamiti. Ya tarar da Riskuwa zaune wurin Mansura. Ba ta tambaye shi taro ba.

"Yaya," ta ce, "abin da Abbas ya hwaɗi gaskiya na. Ni ma na ji a bakin mata, na haɗiye don kai na babba. Abin da kai ma ka hwaɗi gaskiya na, bai gode ba, kunya ta hana shi. To an hwaɗi, an ji. Shinkahwa hwa?"

Hodi ya juya ya fita. Ya zauna a zaure har la'asar yana kallon injin. Ya tuna ranar da ya yi maganar a gaban 'ya'yan Abbas, yana dariya, da yadda babbar cikinsu ta sunkuyar da kai. Ya tashi ya ɗaure injin a bayan mashin, ya nufi fadama. Ya wuce fangalinsa, ya sauke shi a bakin na Abbas, ya tsaya.

Abbas na can yana tsugune cikin shinkafar da ta rage. Ya daɗe bai taso ba. Can ya miƙe ya tafi gida, ya dawo da tiyo a kafaɗa. Suka haɗa shi da injin. Da ruwa ya fara gudu, Hodi ya ce, "Maganar kasuwa, ban kyauta ba." Abbas ya ce, "Buhun nan ya kai mu har kaka." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Fangalin gefen tudu dai ya riga ya tafi, nasa da na Abbas duka, sauran kuma ana sa rai.

Har yau gaisuwarsu gajera ce, ba ta koma kamar da ba. Kwamiti kuma, Allah ya ƙara masa basira, ya sanar cewa zai dawo zagaye na biyu don ya ƙarfafa zaman lafiyar da ya shuka a Ambursa. Saboda haka Malam Hodi na roƙon masu karatu alfarma ɗaya: duk wanda ya bi ta fadama ya hango mutum biyu a kan inji ɗaya, ya kau da kai ya wuce. In wani mai farar mota ya tambaya, a ce masa ba a san inda suke ba.