Cindo da Soron Gwaggo

A ƙauyen Tudun Gwanki, can kudu inda damina ke zuwa da wuri ta ƙi tafiya, an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ba shi da mugunta ko kaɗan, ga ƙarfi, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gida: shi, da matarsa Delu mai haƙurin gaske, da gwaggonsa Lantana wadda ta rene shi. Ciwon ƙafa ya zaunar da tsohuwar, kullum tana cikin soron da marigayi mijinta ya gina. Duk damina rufin sai ya sha ruwa ya yi gansakuka, kowa na fargabar kada ya rufto mata. An yi an yi ta sake ɗaki, ta ce sai dai a fitar da gawarta.

Wata rana Gwaggo ta ce, "Cindo, ganyen mangwaron nan ke toshe indararo, ruwa ya kwanta a sama. In ka ga ganye a rufin, ka share." Cindo ya ɗauki tsintsiya ya hau, ya share, ya zauna yana jira. Ganye ɗaya na faɗowa sai ya sake share rufin kakaf. Tuwonsa ma ta tsani Delu ke miƙa masa. Kafin a ankara ya share ganye, ya share yaɓe, har azara ta fara leƙowa.

Wata rana aka kira Bawa magini ya gyara ɓarnar. Da ya gani sai ya riƙe baki. "Kai, Cindo! Rufin ƙasa ai sau biyu ake share shi a shekara, gab da damina da bayanta. Kada ƙafarka ta ƙara taka shi."

"To, Baba."

Washegari Delu ta fito ta hango mijinta a reshen mangwaro, ƙafafu a sama kai a ƙasa, yana miƙa tsintsiya. Tana cikin salati reshen ya ɓalle, sai ga Cindo a kan akurki, kaji suka watse. Ya tashi yana ɗingishi, baki har kunne. "Ki shaida, ban taka ba."

Wata rana, damina ta yi tsakiya, ciyawa ta tsiro a rufin. Bawa ya ce wa Cindo, "Na janye maganata, hau a hankali. Amma kada ka tuge ta, saiwa da ƙasa take fitowa. Yanke ta daga sama, yadda wanzami ke aski." Cindo kuwa ya san wanzami ba ya sa aska a busasshen kai. Ya hau da tulu da sabulun salo, ya jiƙa rufin sharkaf, ya murza har ya yi kumfa. Gwaggo na shan fura sai ruwan sabulu ya ɗigo mata a ƙwarya. Zagin da ya sha ranar, har maƙwabta sun ƙoshi.

Wata rana da hantsi hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ga indararo ya toshe. Delu za ta tafi kiran Bawa a bakin rijiya inda yake aiki, ta ce wa Cindo, "Kafin mu dawo ka fitar da duk abin da ke cikin soron nan, kada ya jiƙe." Cindo ya fitar da tukwane, ya fitar da buhun dawa da adudu. Ya waiwaya, saura Gwaggo. Ya sungume ta da tabarmarta, tana dukansa da mafici.

"Sauke ni, ɗan nema! Ni kaya ce?"

"Cewa aka yi duka, Gwaggo."

Ya dire ta a zaure. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Delu da Bawa suka shigo a jiƙe, Delu ta buɗe baki za ta fara faɗa, sai suka ji rugugi. Soron ne ya rufta, daidai inda Gwaggo ke kwanciya. Ashe gara ta daɗe da cinye azarar ta ciki, ba wanda ya sani.

Delu ta zube ƙasa ta rungume tsohuwar, tana kuka tana hamdala. Bawa ya ce, "Allahu Akbar." Gwaggo ta daɗe tana kallon tarin ƙasar, mafici ya suɓuce daga hannunta. Can ta jawo hannun Cindo ta riƙe gam.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Cindo ya ce amin, ya leƙa waje, fuskarsa ta washe.

"Gwaggo, kin ga an huta. Yanzu rufin ya sauko ƙasa, ba sai an hau tsani ba."