Ƙwaƙwalwa Biyu a Ƙofar Gida

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba," in ji Alhaji Ɗangoggo yana gyara zama a kan benci. "Me ka baje mana a ƙofar gida da sassafe kamar mai tallan gwangwan?"

Jikansa Al-Amin bai ɗago kai daga injin ba. Ruwan saman da ya cika Nyanya shekaranjiya ne ya kashe wa motarsa birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke ba inji umarni. Shi ne ya karɓo guda biyu a shagon Elvis da ke Apo, zai zaɓi ɗaya ya mayar da ɗaya kafin azahar.

"Ƙwaƙwalwa na sayo, Tsoho. In ta yi saura zan sa maka, taka ta daɗe da shan ruwa."

"Ja'iri. Wacce ce wacce?"

"Wannan irinka ce. Abin da aka zuba mata tun daga kamfani shi ta sani, ko za ka kwana kana lallashi ba ta canjawa. Wannan kuwa 'yar zamani ce. Ka jona mata waya da laftof, ka ƙara mata mai, ka cire mata takunkumin gudu, duk sai ta ce to."

"Au, mara mutunci ke nan. Kowa ya kira ta sai ta amsa."

"Mai ilimi dai!"

Tsohon ya yi dariya, amma iyakarta baki. Ya yi tuƙi a ma'aikata har ya yi ritaya, ya san abin da cire takunkumi yake nufi. Ya kuma san inda yaron nan ke zuwa ran Lahadi da yamma, wajen samarin da ke juya motoci har taya ta yi hayaƙi. Tsoro ne fal cikinsa. To amma kaka ba ya tsawa. Tun ranar suna tsokana ce kawai tsakaninsu, ita kaɗai ce sandar da ke hannunsa.

"Gudun me kake yi ne wai? Kai da akuyar Hajiya ta kora har bakin masallaci?"

"Matata zan ɗauka in gudu da ita. Ta ce ta gaji da miji mai haƙori uku."

"Hajiyar tawa? Wadda ko keke-napep ta hau sai ta karance duk addu'ar da ta sani? Ka sa ta kamfanin nan, wataƙila ta yarda ta shiga."

"Ta kamfani ai ta masu zuwa karɓar fansho ce. Abokaina dariya za su yi min."

"Su yi mana. Ai da ma fuskarka abin dariya ce."

Al-Amin ya koma kan aikinsa. Ya ɗauki 'yar zamanin, ya warware baƙar wayarsa ta jonawa, ya buɗe laftof a kan kujerar direba. Alhaji Ɗangoggo ya ga da gaske yake. Ya laluba cikinsa ko zai sami wata baƙar magana, ya rasa.

"Kai, ɗan nema, da kai nake."

"Ina ji, Tsoho. Bari in gama, in kai ka Dei-Dei kafin ka gama tauna goronka."

"Haka Saleh ya ce min."

Hannun Al-Amin ya tsaya cak. Saleh mahaifinsa ne, ɗan farin tsohon, wanda hanyar Kaduna ta cinye tun Al-Amin yana rarrafe. Tunda yake bai taɓa jin sunan nan a bakin kakansa ba. Ɗan fari ne, ba a faɗa. Sai dai "wancan yaron", ko "babanka". Ko ranar jana'iza, an ce, bai faɗa ba. Daga cikin gida ƙarar tsintsiyar Hajiya ta ɗauke.

"Ya ce kafin in gama karyawa ya isa," in ji tsohon, idonsa a ƙasa. "Ni na wanke shi. Ba ni da ƙarfin wanke wani kuma."

Wani ɗan acaɓa ya wuce yana hon ba dalili. Kunya ta lulluɓe Alhaji Ɗangoggo, ya ji kamar ya tuɓe a kasuwa, amma bai janye maganar ba.

Al-Amin ya rufe laftof a hankali. Ya mayar da 'yar zamanin cikin kwalinta, ya ɗauko ta kamfanin ya goge ta da gefen rigarsa.

"Shi ke nan, ka cuce ni. Yanzu tsofaffi biyu ke nan a kaina, ɗaya a benci ɗaya a cikin mota, duk ba sa jin magana."

"Ka gode wa Allah. Wasu ko ɗaya ba su samu ba."

Yaron ya naɗe baƙar wayar, ya durƙusa ya ɗora ta a cinyar kakansa. "Ungo tukuici. Wannan tawa ce, ba ta Elvis ba. In babu ita ba abin da zan iya jonawa."

Tsohon ya ja ta da hannu biyu, ya ji ƙwarinta, ya share ido da bakin hula kamar gumi yake sharewa.

"Hajiya!" ya ƙwala kira yana dariya. "Fito da akuyar nan, mijinki ya sayo mata igiya!"