Yadda Kilabiyen Kano Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aikin da aka ce in yi shi shiru ya buɗe baki a gaban baƙi. Har yau in na tuna, gajiya ce ke sauko mini tun daga wuya.

Ni ne mai kula da ordinatoci (kwamfutoci ke nan) a biro, wato ofishin wata ƙungiyar manoma a nan Matameye. Aiki ne da ba a tunawa da kai sai abu ya lalace. Wuta ta ɗauke, ni ne. Rezon intanet ya yi nauyi, ni ne. In ka taɓa injin mutum yau, ko fankar ɗakinsa ce ta tsaya wata mai zuwa, zai ce, "To, ai tun da ka taɓa." Shi ya sa na koyi yin mizajur, wato sabunta manhajojin injuna, daga kan kujerata ba tare da kowa ya sani ba. In tura, inji ya haɗiye, mai shi yana can yana aikinsa (ko yana kallon kokawa a waya, Allah masani).

Ga inda na jawo wa kaina. A allona injunan nan dogayen lambobi ne, ba na gane na wane da na wane. Sai na raɗa wa kowanne suna da halin mai shi. Na Hajiya Rabi sakatariya, "Ba Ni Na Taɓa Ba", don da wannan take buɗe kowace magana. Na kontabul mai riƙe da kuɗi, "Dawo Gobe". Na shugabanmu Alhaji Direkta kuwa, "Sarkin Gyangyaɗi". Mutumin kirki ne wallahi, amma da an yi azahar sai kansa ya fara gaida tebur. Ni kaɗai nake ganin sunayen, su ne ɗan abin da ke sa ni murmushi a wurin.

Lokacin kontarata, wato yarjejeniyar aikina, ta kusa ƙarewa, ga iyali, ga damina ba ta yi kyau ba. Alhaji ya kira ni ya ce, "Gobe manya za su zo daga Damagaram. In taro ya tashi lafiya, zan sa musu maganarka. Ka gyara komai, amma kada in ji motsinka."

Na ce, "Alhaji, ko tari ba za ka ji ba."

Ashe bakina ne ya yi yawa. Kilabiyena, wato madannin rubutu, shayi ya kashe shi a makon (nawa shayin, ba na wani ba). Sai na jona wanda yayana ya kawo mini tsaraba da ya dawo cirani daga Kano. To, kilabiyen Najeriya da namu na Faransanci ba jeri ɗaya ba ne: inda suka rubuta Q, a wurinmu A ne. Shirin da nake tura mizajur da shi kuma harafi ɗaya yake tambaya. Q, a yi shiru. A, kowane inji ya fito da saƙo da sunansa in ya gama, abin da na sa don gwaji. Ni kuwa, duk da takardar shaidata, da yatsa biyu nake bugawa, ido a kan maɓallai. Na ga Q, na danna. Injin da Faransanci kawai ya sani ya rubuta A. Ban ɗaga kai ba, na tura na tafi salla ina jin kaina gwani.

Bayan azahar aka koma taro. Ina bayan zaure ina gadin wayar majigin da ke haska injin Alhaji a bango. Babban baƙon yana bayani a kan irin gero, Alhaji kuma kansa ya fara aikin da ya saba. Sai hoton gero ya ɓace, rubutu ya fito ƙato-ƙato. Baƙon ya gyara tabarau, ya karanta a hankali kamar mai sanarwa a masallaci:

"Sannu da aiki, Sarkin Gyangyaɗi. An gama."

Alhaji ya farka firgigit ya ce, "Na'am?"

Wayyo Allah! Da ma bai amsa ba. Kafin in kai hannu ga waya, sai ihun Hajiya Rabi daga bironta: "Innalillahi! Ba ni na taɓa ba!" (Har yau ban sani ba ko karantawa take yi, ko rantsuwar da ta saba ce.) Kontabul ya leƙo yana huci: "Wai wane ne Dawo Gobe?" Manoman da ke zauren duk suka juya suka zuba masa ido.

Alhaji ya kalli bango, ya kalle ni. "Kai ka raɗa?"

"Ni ne, Alhaji."

"Naka injin fa? Ɗauko a jona, mu ga sarautar da ka ba kanka."

Na ɗauko, kunya kamar in nutse. Na jona. Bango ya ce: "Sannu da aiki, Jakin Biro. An gama."

Sai babban baƙon ya fashe da dariya har ya cire hula yana share hawaye. Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce, "To, aƙalla ba ka raga wa kanka ba."

An sabunta kontarar, alhamdu lillahi, amma da sharaɗi: babu sauran mizajur a ɓoye. Yanzu sai in bi ƙofa-ƙofa, in yi sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya masu jiki, sannan in roƙi izinin taɓa inji. Aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu yini yake ci, kuma "tun da ka taɓa" ta dawo da ƙarfinta. Hajiya Rabi ta daɗe ba ta aiko mini da furar da ta saba ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Abin da na koya: in ɗaga kai kafin in danna, kuma sunan da ba zan iya faɗa a gaban mai shi ba, kada in ba inji ajiyarsa. Nawa dai ya riga ya bi gari. Ran nan a kasuwar Ɗan Barto wani ya ƙwala kira, "Jakin Biro!" Ban ma san shi ba, amma na waiga.