Akwatin da Ya Tsare Makiyaya da Gaisuwa

Da ana janye abin da aka riga aka yi, da na janye akwatunan da na saka a fom ɗin ƙungiyarmu.

Ni ne sakataren makiyayan yankinmu a Dutse. Da za a yi wa shanu rigakafi, aka ce kowa ya cike fom a waya. Na ce a bar min haɗa fom ɗin, ai na taɓa kwamfuta kafin ritaya. 'Yata Hajara ta nuna min yadda ake saka ɗan akwatin da ke ɓullowa da bayani idan an taɓa gurbin cikewa.

"Baba, ka taƙaita," in ji ta.

Na ce, "Ke! A tambayi dattijo yawan shanunsa babu gaisuwa?"

Kowane akwati na buɗe shi da sallama, na tambayi kwana, gajiya, iyali da garke, sannan bayani. Ban gwada a waya ba.

Ashe akwatin ya cika fuskar waya, ya rufe wurin aikawa, kuma ba ya gushewa. Ranar rufe rajista Arɗo, shugaban makiyayan, ya kira ni.

"Malam Sakatare, tun safe muke amsawa, lafiya lau muke. Yaushe za a bar mu mu wuce?"

Haka na hau babur ruga-ruga ina rubuta sunaye da biro, don kada allura ta wuce shanun mutane.

Har yau in na je taro, sai wani ya tare ƙofa yana ta gaishe ni, saura na dariya. Don Allah kada labarin nan ya kai Taura, can surukaina suke.