Akuyar Kaka a Ƙasar Dodanni

"Lafiya lau, ya aiki? Ka ga malalacin miji, sai yau aka tuna da gida."

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta, ƙafarta na kan keken ɗinki. Yaron nan ya ƙirƙiro wani wasa da ake yi a kan tebur: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama jarumi a cikinsa, ana jefa ɗan ludo a ga wanda ya yi galaba. Gobe zai kai wa mai kantin littattafai, in ya burge shi a fara sayarwa, kuma ita ya ba aikin ɗinka 'yar tsanar kowace halitta. Ta bi layi kaf ta ba da labari, har mai gyaran famfo da bai tambaye ta ba, amma a gaban yaron ko da wasa ba ta yabo. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. A duniyar tasa ya kori dabbobi duka ya zuba dodanni, har akuya bai bari ba, alhali bara akuyarta Uwar Ɓarna ta mutu, wadda ya yi ƙuruciya yana jan kunnenta.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ina kayana?"

Ta turo masa kwali da ƙafa. Ya ɗaga zaki mai fukafukai da ke jan amalanke a madadin jaki, ya ɗaga tsuntsuwar wuta da ta gaji kaza, sai ya tsaya.

"Ina dodona mai kai uku? Wannan ai akuya ce."

"Ashe idonka ƙalau. Na ɗauka waya ta cinye shi."

"Kaka, babu akuya a ƙasata. Mu can ko kazarmu dafaffen ƙwai take sakawa."

"To da me za ta ƙyanƙyashe 'ya'ya? Ka ji masu ilimi."

"Ba ta buƙata. In ta tsufa toka take zama, ta sake tashi sabuwa."

"Kamar alkawarinka na sayo min tabarau."

"Ke da kika ga ranar da aka kafa duwatsu, me ya rage ki gani?"

"Na dai ga ranar da akuyata ta kore ka, ka haye tebur kana kuka ba wando."

"Dabarar yaƙi ce."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Jero dodanninka, Uwar Ɓarna ita kaɗai ta ishe su. Da haƙori take zare sakata. Ta taɓa hawa kan motar maƙwabci ta kwanta tana tuƙa, kamar ita ta sayo ta."

"Nawa ba igiyar da ke riƙe shi. Makon jiya abokaina suka yi masa taron dangi, ya cinye musu taswira, ya bar jarumai suna bulayi a daji."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ba dodo zan ba ka ba, akuya na ɗinka, da ita za ka je kantin. Wai ma me zai yi da kai har uku?"

"Ɗaya na kwance igiya, ɗaya na cin shanya. Na tsakiya kuma ya tsaya yana kallonki kamar bai san komai ba."

Keken ya tsaya. Kaka ta san wannan kallon sarai, shekara da shekaru tana jifan mai shi da takalmi.

"Ƙahon hagu fa?"

"Karyayye. Na zana miki a takardar da na ba ki, ke ce ba ki gani."

"Laifin wa? Ashe ba korar ta ka yi ba."

"Ni na isa? Sarautar dutse na ba ta, zakin ma kauce mata yake. In an ga akuya a makwancin zaki..."

"Sai a ji tsoronta," ta ƙarasa masa.

Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, ta ce zare ne ya shiga. Ta jawo aljihun keke ta fito da dodon, wanda tun shekaranjiya ta gama shi ta ɓoye don haushi. Ta sa almakashi ta datse ƙahon hagu na kan tsakiya. Sannan ta miƙe ta sauko da 'yar ƙararrawar Uwar Ɓarna daga ƙusar da take rataye tun bara, ta ɗaura masa a wuya.

"Kaka, wannan kam ki bar abarki."

"Rufe min baki. Sarauniya ba ta fita ba sanarwa." Ta danƙa masa tana dariya. "Ka ci wannan karon, mijin banza. Ka gaya wa mai kantin a gidan nan aka raine ta. In ya ce ba zai saya ba, ka bar masa ita cikin littattafansa ta kwana ɗaya."