Haƙorin Makkan Alhaji Sani

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka yi wa Kawu ritaya, ya dawo gidanmu a Gyadi-Gyadi da sandunan wasan golf. Ni kuwa ranar da abin zai faru na gama jarabawar makarantar nas, ina ta shan ƙamshi.

Inna ta ce in shimfiɗa tabarma a soro, manya za su zo neman auren Yaya Binta. Can na tarar da sandunan. Kawu ya taɓa ce min, "Duk wasan nan a jan sanda baya yake." Na ce ai wannan ƙaramin alhaki ne.

Na ɗauki ɗaya, na ba ƙofa baya. Na ja da wuyan hannu, bai yi min ba. Na ja da kafaɗa, dama-dama. Sai na ce bari in ƙirƙiro salona, na wurga ta baya iya ƙarfina.

Sallama da ƙarar "ƙas!" tare suka iso.

Alhaji Sani ne, baffan mai neman auren. Jini ya wanke masa farar riga, haƙorinsa na Makka yana kan tabarma.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba kai ne nas ba? Bismillah."

Ko goro ba a buɗe ba suka tafi. Wata uku ana ban haƙuri kafin su dawo, Yaya Binta ko kallona ba ta yi.

An dai ɗaura. Amma har yau 'ya'yanta Kawu Likitan Haƙori suke kirana, Alhaji Sani kuma sai ya kare bakinsa da hannu yake amsa gaisuwata.